Masu Farautar Shafaƙin Taurari

Duk mai kula da lokutan salla ya san shafaƙi, watau jan hasken nan da kan saura a yamma bayan rana ta faɗi. Rana dai ta tafi, amma shi yana nan yana ba da shaidar inda ta shige. Wanda ya fito da wuri ya kan tarad da shi ja wur, wanda ya yi nawa kaɗan ya tarar ya koɗe. Wanda kuwa ya tsaya sai ya gama cin tuwo tukuna, to, duhu kaɗai zai iske.

Akwai wani irin shafaƙi can cikin nisan sama, wanda ya wahalad da masana ilmin taurari shekara 30 cur kafin su yi ido biyu da shi. Labarinsa mu ke so mu ba masu karatu yau, musamman malaman makaranta da akawuna. Dalili kuwa, mun lura abin da ya warware wannan al'amari abu ne da su ma su ke fama da shi kullum a bakin aikinsu: a aika labari da wuri, a rubuta shi daidai, a kuma faɗi gaskiya ko da an nema ba a samu kome ba.

Walƙiyar Da Ido Ba Ya Gani

Da farko sai mu san cewa haske iri-iri ne, kuma ɗan kaɗan ne daga ciki idon mutum ke iya gani. Akwai hasken eksire, wanda a ke ɗaukar hoton ƙirji da shi a asibiti. Gaba da shi wajen ƙarfi akwai wanda a ke kira hasken gamma, irin wanda ke fita sa'ad da bom ɗin nukiliya ya tashi. Cikin rahamar Ubangiji, iskar da ta lulluɓe duniya tana tare hasken gamma da ke zuwa daga sama, ba ya isowa ƙasa. Saboda haka mai son auna shi tilas ya ɗora na'urarsa bisa kumbo, ya harba ta can sama da iska.

A 1963 Amurka da Rasha da Ingila suka sa hannu a wata yarjejeniya, cewa sun daina gwada bom ɗin nukiliya cikin iska, da ƙarƙashin ruwa, da sararin sama. Da ya ke ba su amince da juna sosai ba, sai Amurka ta harba waɗansu kumbuna masu suna Vela don su yi mata gadi, su ji in wani ya saɓa alkawari. Ran 2 ga watan Yuli, 1967, na'urorinsu suka kama wata walƙiya ta hasken gamma wadda ba ta yi kama da ta bom ba ko kaɗan. Daga baya aka yi ta samun irinta. Waɗansu masana uku na ma'aikatar bincike ta Los Alamos, watau Ray Klebesadel da Ian Strong da Roy Olson, suka bi takardun a tsanake. A 1973 suka buga labarin walƙiya 16 da aka samu tsakanin 1969 da 1972, suka nuna ba daga duniya suka fito ba, ba kuwa daga rana ba.

Halin wannan walƙiya abin mamaki ne. Ba ta sallama, ba ta kuma da gabas ko yamma. Wata ba ta cika ko sakan ɗaya, wata ta kan yi 'yan mintoci, sa'an nan ta ɗauke, ba a sake ganinta a wurin. Ga shi kuma hasken gamma ba ya tattaruwa da madubi yadda hasken rana ke yi, don haka na'urar da ta kama shi ba ta iya nuna ainihin inda ya fito. Misalinta kamar mutumin da ke kwance a ɗaka cikin dare ya ji ƙarar bindiga. Ya tabbata an harba, yana iya cewa ta wajen arewa ne, amma a ce ya nuna gidan, wannan kam sai a yi masa haƙuri.

Gardamar Masana

Kafin mu fahimci gardamar da ta biyo baya, sai mun ɗan yi bayanin yadda taurari su ke zaune. Haske na cin kilomita 300,000 kowane sakan, watau mil 186,000. Daga rana zuwa nan minti 8 da 'yan kai ya ke yi. Ranarmu kuwa tauraro ɗaya ce cikin taurari fiye da biliyan 100 da ke tare wuri ɗaya kamar garke, a shimfiɗe kamar faifai. Farin zanen nan da kan ratsa sama da dare, in babu farin wata kuma babu ƙura, shi ne gefen faifan mu ke hange daga ciki. Haske ya kan yi wajen shekara 100,000 kafin ya ƙetare shi. Bayan garkenmu akwai waɗansu garkunan taurari birjik, waɗanda haskensu kan yi shekaru miliyoyi ko biliyoyi a hanya.

To, abin tambaya shi ne, walƙiyar nan cikin garkenmu ta ke tashi, ko can nesa cikin waɗansu garkuna? Ba ƙaramar tambaya ba ce. Fitilar da ke kashe ido daga ƙofar gida fitila ce kawai, amma wadda ke kashe ido daga wani gari lalle gobara ce. Muddin ba a san nisan ba, ba a san ƙarfin ba, ba a kuwa san abin da ke haddasa ta ba. Masana suka yi ta kawo ra'ayoyi har sama da 100, ba mai iya kā da wani.

A 1991 Amurka ta harba wani babban kumbo mai suna Compton, ɗauke da na'urar da a ke kira BATSE. Cikin shekara 9 ta kama walƙiya wajen 2,700, kusan ɗaya ke nan kowace rana. Da aka zana wurarensu bisa taswirar sama, sai aka ga sun bazu ko'ina daidai wa daida, ba su taru a kan farin zanen nan ba kamar yadda taurarin garkenmu suka taru. Wannan ya ƙarfafa masu cewa daga nesa su ke. Duk da haka gardama ba ta ƙare ba. A watan Afrilu na 1995 aka yi muhawara a bainar jama'a a birnin Washington, tsakanin Bohdan Paczynski mai cewa nesa ne, da Donald Lamb mai cewa a kewayen garkenmu ne. Kowa ya kawo hujjojinsa, aka tashi ba a yanke ba.

Abin da kowa ya yarda da shi guda ne: sai an ga wurin da madubin hangen nesa, an ga mene ne a can. Paczynski da James Rhoads sun riga sun faɗa tun 1993 cewa irin wannan fashewa ba za ta ɗauke ba tare da ta bar saura ba. Peter Meszaros da Martin Rees kuma suka yi lissafin cewa sauran zai haɗa har da hasken da madubi ke gani, ya yi ta dushewa cikin awoyi da kwanaki. Wannan saura shi mu ke kira shafaƙi a nan. Amma ina za a duba? Wurin da BATSE ke nunawa ya fi faɗin wata sau da yawa, cike da ƙananan taurari dubun dubata, babban madubi kuwa ɗan taƙi ya ke gani a lokaci guda. Allura ce cikin ruwa, allurar kuma tana narkewa.

Shekarar Da Aka Kama Shi

Ran 30 ga watan Afrilu, 1996, Italiya da Holan suka haɗa kai suka harba wani kumbo mai suna BeppoSAX. Yana zagaya tsakiyar duniya, duk zagaye kuma sai ya sauke abin da ya tara a wata tasha da ke Malindi ta ƙasar Kenya, daga nan a miƙa shi birnin Rum. Fifikonsa shi ne yana da na'urar hasken gamma da ta eksire tare, ta eksiren kuwa tana iya taƙaita wurin walƙiya zuwa ɗan fili da bai kai faɗin wata ba.

Ran 28 ga watan Fabrairu, 1997, ya kama wata walƙiya mai tsawon sakan 80. Ma'aikata a Rum suka duƙufa kan lissafi, suka juya kumbon, bayan awa 8 suka ga wani ɗigon hasken eksire a wurin, wanda da aka koma bayan kwana 3 aka tarar ya dushe ƙwarai. Labarin wurin ya kai ga wani shehun malami na Jami'ar Amsterdam, Jan van Paradijs, da ɗalibansa Paul Groot da Titus Galama. Suka sa aka juya madubin William Herschel, mai faɗin mita 4.2, wanda ke bisa dutse a tsibirin La Palma daura da gaɓar Maroko, aka ɗauki hoton wurin kimanin awa 21 bayan walƙiyar.

A hoton farko ba abin da za a gani sai ɗigo-ɗigon taurari, ba mai iya cewa ga baƙo a cikinsu. Ran 8 ga watan Maris aka sake ɗaukar hoton wurin, aka jera su biyu. Sai ga ɗigo ɗaya da ke cikin na farko, babu shi a na biyu. Shi ke nan, an kama shafaƙi. Rauninsa kuwa, ya gaza tauraro mafi dushewa da ido ke gani kimanin sau miliyan. Daga baya madubin Hubble, da ke shawagi a sama, ya ga wani dusu-dusun garken taurari daidai wurin.

Saura awon nisa. Ran 8 ga watan Mayu na shekarar BeppoSAX ya sake kama wata. Howard Bond ya sami shafaƙinta da wani matsakaicin madubi a Kitt Peak ta Amurka, sa'an nan Mark Metzger da abokan aikinsa suka auna haskenta da madubin Keck na Hawayi, mai faɗin mita 10. Ga yadda a ke awon. In an rarraba haske ya zama launi-launi kamar bakan gizo, a kan ga waɗansu baƙaƙen layuka a ciki. Hayaƙin da hasken ya ratsa a hanya shi ke barinsu, kowane sinadari da nasa layukan, kamar yadda kowane gidan waya ke buga hatiminsa a bayan ambulan. Da ya ke sararin sama na ta buɗewa, hasken da ya daɗe a hanya ya kan miƙe, layukan su gusa wajen ja, gwargwadon gusawarsu gwargwadon daɗewar. Metzger ya ga hatimin baƙin ƙarfe da na wani sinadari mai suna maganiziyam, sun gusa ƙwarai, har lissafi ya nuna hasken ya yi fiye da shekara biliyan 6 yana tafiya. Gani ya kori ji. Abin da muhawara ta kasa yankewa, awon dare ɗaya ya yanke.

Abin Da Ke Haddasa Ta

Da aka san nisan, sai ƙarfin abin ya bayyana: cikin 'yan sakanni walƙiya ɗaya kan fid da ƙarfin da ya kai wanda ranarmu za ta fitar duk tsawon ranta, watau shekara biliyan 10. Shafaƙi ne kuma ya nuna tushen. A watan Afrilu na 1998 Galama ya ga wani tauraro ya fashe daidai inda aka yi wata walƙiya. Ran 29 ga watan Maris, 2003, aka sami wata ta kusa-kusa, aka bi shafaƙinta dare bayan dare, yana dushewa sai ga hasken fasasshen tauraro ya ɓullo daga ƙarƙashinsa. Daga nan shakka ta kau.

Ga yadda masana suka fahimci abin. Ƙaton tauraro, wanda ya fi rana nauyi sau gommai, in makamashinsa ya ƙare sai cikinsa ya rufta, galibi ya zama abin da a ke kira baƙin rami, wanda ko haske ba ya kuɓuta daga gare shi. Wajen ruftawar sai wuta ta tsarto ta gefe biyu kamar ruwan famfo, da gudun da ya yi kusa da na haske. Daga cikin wannan tsartuwa walƙiyar gamma ke fita, kuma sai in bakinta ya fuskanto mu mu ke ganinta. Sa'an nan tsartuwar ta ci karo da hayaƙin da ke kewaye da tauraron, ta zafafa shi, ya yi ta haske yayin da gudunta ke raguwa. Wannan hasken shi ne shafaƙi. Bayanin nan na doguwar walƙiya ne, wadda ta wuce sakan 2. Gajerar tana da nata tushen, za mu zo kansa.

Malamai na iya ba yara lissafin dushewarsa, don yana da sauƙi. Galibi kusan haka ya ke: in awa 1 bayan walƙiya haskensa ya kai na fitila 100, to, a awa 10 sai ya koma na fitila 10, a awa 100 kuwa, watau kwana 4 da 'yan awoyi, saura fitila 1. Wanda ya zo cikin minti na farko ƙaramin madubi ya ishe shi. Wanda ya kwana bai zo ba sai ya nemi madubin da ya ci miliyoyi, wata sa'a ma ya tashi a banza. Da zafi-zafi a kan bugi ƙarfe.

Aika Labari Da Wuri

Mutumin da ya fi kowa gane wannan shi ne Scott Barthelmy, ma'aikaci a cibiyar Goddard ta hukumar NASA. A 1993 ya shirya wata hanya wadda kwamfuta za ta tare saƙon kumbo yana saukowa, ta lissafa wurin walƙiya, ta aika wa masu madubai ko'ina a duniya cikin 'yan sakanni, ba tare da jiran sa hannun kowa ba. Ita ce daga baya aka sa wa suna GCN. An kuma tsara yadda a ke sa wa kowace walƙiya lamba, kamar fayil a ofis: haruffa uku, GRB, sai shekara, da wata, da rana. Ta ran 28 ga Fabrairu, 1997, ita ce GRB 970228. In an sami fiye da ɗaya a rana guda, a bambanta su da A da B da C.

Amma ko saƙo ya zo da sauri, ɗan Adam na barci, yana kuma zuwa cin abinci. Saboda haka aka ƙera madubai masu sarrafa kansu, waɗanda da jin saƙo sai su bar abin da su ke yi su juya. Ran 23 ga watan Janairu, 1999, wani irinsu mai suna ROTSE, na Carl Akerlof da abokansa, ya fara ɗaukar hoto sakan 22 kacal bayan soma walƙiya, tun ba ta ɗauke ba. Ba wani babban abu ba ne, gilasan kamara ne guda huɗu aka haɗa. Ya kama hasken da ko da tabaran hangen nesa na hannu a ke iya gani, alhali ya yi wajen shekara biliyan 9 a hanya.

Ran 20 ga watan Nuwamba, 2004, aka harba kumbon Swift, sunan wani tsuntsu ne mai sauri dangin tsattsewa. An gina shi yadda in ya kama walƙiya zai aiko da labari ƙasa nan take, ya kuma juya kansa cikin minti ɗaya ko biyu ya dubi wurin da madubinsa na eksire da na hasken ido, ba sai an umarce shi ba. Kafin ƙarshen 2015 ya kama walƙiya 1,000. Ran 19 ga watan Maris, 2008, ya kama GRB 080319B, wadda haskenta ya kai a gan shi da ido ƙuru-ƙuru har wajen sakan 30. A nan Nijeriya gari ya riga ya waye, amma a ƙasar Cile dare ne, waɗansu kamarori masu gadin sama suka ɗauke ta. Hasken nan shekara biliyan 7 da rabi ya yi a hanya, watau ya taso tun ba a halicci ƙasar da mu ke takawa ba, don masana sun ƙiyasta shekarunta biliyan 4 da rabi. Ran 23 ga watan Afrilu, 2009, aka sami wadda ta fi ta nisa, haskenta ya haura shekara biliyan 13 a hanya.

Har wa yau akwai maganar dare da rana. Walƙiya ba ta zaɓen lokaci, in ta zo rana na tsaka a Turai sai a nemi inda dare ya yi. Don haka aka jera madubai kewaye da duniya, in wannan ya rufe wancan ya buɗe. Wani masani na ƙasar Sifen, Alberto Castro-Tirado, ya soma nasa jerin a 1998, har ya kai ga kafa tashoshi a Sin da Meziko da Cile da Niyu Zilan da Afirka ta Kudu. Ba manya kaɗai ke da rabo ba. A watan Yuli na 2003 Berto Monard, wani mai sha'awar duban taurari a Afirka ta Kudu, wanda ba aikinsa ke nan ba, ya riga kowa gano shafaƙin wata walƙiya da madubinsa mai faɗin inci 12. Abin da ya fi su da shi kawai, saƙo ya iske shi a shirye, sama kuma garau a wurinsa.

Mun Duba, Ba Mu Ga Kome Ba

Yanzu mun zo kan abin da ya fi burge mu cikin aikin mutanen nan. Duk wanda ya dubi wurin walƙiya ya kan rubuta ɗan gajeren rahoto ya aika wa GCN, a ba shi lamba, a raba wa kowa. Irin waɗannan takardu sun haura 30,000. Tsarinsu kusan ɗaya ne: ga sunayenmu, ga madubin da muka yi aiki da shi, ga lokacin da muka soma, ga tsawon lokacin da muka duba, ga abin da muka gani. Da yawa daga cikinsu kuwa abin da su ke faɗa shi ne, an duba ba a ga sabon haske ba, amma ga iyakar dushewar da madubin zai iya gani a daren.

Mai karatu zai ce, to, mene ne amfanin rahoton da babu kome a ciki? Ga misali. Ran 28 ga watan Agusta, 1997, aka yi wata walƙiya mai ƙarfi, aka san wurinta da wuri. Groot da abokansa suka juya madubin nan na La Palma wajen awa 4 bayanta, suka yi ta dubawa dare da dare, ba su ga kome ba, alhali kuwa an ga shafaƙinta da hasken eksire. Ba su ɓoye ba, ba su kuma ƙaga wani ɗigo suka ce shi ne ba. Suka buga rahoto cewa babu, ga iyakar da suka kai. Da irin waɗannan rahotanni suka taru sai aka gane wani sabon abu: a zamanin Swift kusan tara cikin goma na walƙiyoyi an ga shafaƙinsu da eksire, amma kimanin rabi kaɗai aka gani da hasken ido. Waɗansu latti aka yi, ko girgije ya tare, ko farin wata ya hana. Waɗansu nisa ne ya yi yawa, har haskensu ya gusa ya wuce ja. Mafi yawan masu duhun gaske kuwa ƙura ce ta garkensu ta rufe su, kamar yadda hazo ke rufe rana da hunturu, wanda ya nuna cikin wurare masu ƙura, inda a ke haifuwar sababbin taurari, manyan taurarin nan ke mutuwa. Ba don waɗanda suka rubuta "babu" da lokaci da awo ba, da ba a iya rarrabe wanda ya makara da wanda ƙura ta rufe.

Daren 17 Ga Agusta

Saura gajerar walƙiya. An daɗe ana zaton tana faruwa ne in gawarwakin taurari biyu suka yi karo. Irin wannan gawa, da a ke kira tauraron niyutiron, faɗinta bai wuce kilomita 20 da 'yan kai ba, amma ta fi rana nauyi. A 2005 aka fara ganin shafaƙin gajerar walƙiya, sai dai shaidar karon ba ta samu ba tukuna.

Ran 17 ga watan Agusta, 2017, na'urorin LIGO na Amurka, waɗanda ke auna girgizar da kan ratsa sararin sama in abubuwa masu nauyi sun yi karo, suka ji karon irin waɗannan taurari biyu. Bayan sakan 1.7 kumbon Fermi ya kama gajerar walƙiya. Da aka haɗa da awon na'urar Virgo ta Italiya sai aka taƙaita wurin, amma duk da haka ya kai filin da wata fiye da 100 zai shige. Ga shi kuma wurin na kusa da rana, da magariba ta yi ba ya daɗewa ya faɗi. Masu madubai a Cile suka zauna jiran dare. Jama'ar Ryan Foley ba su tsaya share filin duka ba. Suka ɗauko jerin garkunan da ke daidai nisan da LIGO ta faɗa, suka bi su ɗaya ɗaya da madubin Swope, mai faɗin mita 1 tak. Kimanin awa 11 bayan karon suka ga sabon ɗigo a gefen garken NGC 4993, mai nisan tafiyar haske ta shekara miliyan 130.

Wuraren duban taurari wajen 70 suka bi shi, har da babban madubin Sutherland na Afirka ta Kudu. Ɗigon ya fara da shuɗi, cikin 'yan kwanaki ya koma ja. Wannan hasken na tarkacen karon ne, launinsa kuma ya nuna ana ƙera sinadarai masu nauyi a ciki, ajin da zinariya ta ke. Shafaƙin tsartuwar kansa sai bayan kwana 9 ya bayyana da eksire, don bakinta bai fuskanto mu sosai ba. Watau dai zinariyar da ke kunnen amarya, mai yiwuwa ne ƙwarai wani kashi nata daga irin wannan karo ya fito, tun kafin a yi rana.

Aikin bai tsaya ba. A watan Yuni na 2024 Faransa da Sin suka harba kumbon SVOM, suka tsara shi ya riƙa ba rana baya, don walƙiyar da zai kama ta kasance ta gefen dare, inda madubai ke buɗe.

Abin Lura

To, jama'a, a 1973 ma akwai manyan madubai a duniya, akwai kuma masana masu kaifin hankali. Abin da babu shi ne mai gaya musu inda za su duba tun abin bai dushe ba. Da aka rage jira daga makonni zuwa awa 21, aka ga shafaƙi. Da aka rage shi zuwa sakan 22, gilashin kamara ma ya isa.

Muna roƙon akawun da takarda ke kwana bisa teburinsa ya tuna da fitila 100 da ta koma 10. Labarin ɓarkewar ciwo a ƙauye, ko na rufin aji da ke shirin faɗuwa, haka darajarsa ke raguwa kowace awa. Wanda kuma aka ce ya aiko da rahoton wata, ya ga babu abin da ya faru, kada ya yi shiru, kada kuwa ya ƙaga. Ya rubuta babu, ya sa kwanan wata, ya faɗi inda ya bincika. Malamai kuwa, in yaro ya yi gwaji a aji abin bai fito yadda littafi ya ce ba, kada a sa shi ya kwafi amsar littafi. A koya masa ya rubuta abin da ya gani, da lokacin da ya gan shi, don da haka Groot ya yi. In kuma an sami dare mai garau, a fita da yara fili bayan shafaƙi ya faɗi, a nuna musu farin zanen nan na garkenmu, a gaya musu akwai masu gadi a farke, suna jiran saƙo.

Allah ya ƙara mana ilmi mai amfani, ya sa mu riƙe amanar aikinmu, amin.